Layukan zurfin teku sun fito mini haƙori-haƙori, ta ina zan fara gyara?

Rukayya: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon waɗanda suka saba zana taswirar teku da Python. Taswirar Tekun Arewa nake haɗawa, wanda ke tsakanin Birtaniya da Norway da Denmak, za ta shiga cikin wani rahoto. Na sauko da bayanan zurfi na GEBCO, wato ragar zurfin tekunan duniya wadda kowane gidanta (ɗan murabba'i) ke ɗauke da lamba ɗaya, na yanko daga lonjitud 4 yamma zuwa 12 gabas, latitud 51 zuwa 62 arewa, na buɗe da xarray, na zana da `contour` na matplotlib a kan Cartopy. Layukan da nake so su ne na mita 20, 50, 100, 200 da 500. Na 200 da na 500 ba laifi. Amma na 20 da na 50 sun fito kamar haƙoran zarto, ga ƙananan zobba birjik a kudancin tekun, ido ba ya iya bin layi ɗaya har ƙarshensa. Na ninka ragar sau huɗu da `zoom` na scipy, kwamfutar ta sha wahala, layukan suna nan yadda suke. Na sa `gaussian_filter`, matacin Gauss mai lailaye raga, sai suka koma hawa-hawa. Me ya kamata in yi?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam Malama Rukayya. Kafin a taɓa kod, tambaya biyu. Wane girma taswirar za ta fito a takarda? Sannan ki buga mana abin da `z.dtype` ya nuna, wato irin lambar da ragar zurfin, `z`, take ɗauke da ita.

Rukayya: Faɗin shafin A4 ne Malam, kimanin santimita 20. Akwai kuma ƙaramar taswira a gefe da za ta nuna tudun Dogger, tudun yashi na ƙarƙashin ruwa a tsakiyar tekun, kusa-kusa. `dtype` ɗin kuma `int16` ya nuna.

Malam Bashir: To amsoshin nan biyu sun warware rabin maganar. Bari in fara da mai sauƙin. GEBCO tana ajiye zurfi da cikakkiyar lambar mita, babu ɗigo, shi ya sa kika ga `int16`. Shi kuma `gaussian_filter` irin lambar da aka ba shi yake mayarwa. Ya lissafa matsakaici ya samu 20.4 ko 20.7, amma wajen ajiyewa sai ya datse abin da ke bayan ɗigon. Duk lailayewar da ya yi ta tafi a banza, hawa-hawan da kika gani ke nan. Ki mayar da bayanan `float32` tukuna.

Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa na 20 da na 50 suka fi lalacewa. Kudancin Tekun Arewa shimfiɗaɗɗe ne, za ki iya tafiyar kilomita da dama zurfin bai canza da mita ɗaya ko biyu ba. A irin wannan wuri gidaje da yawa a jere duk suna ɗauke da lamba ɗaya, -20 cif, sai kuma nan da can ɗaya ya ce -19 ko -21. Manhajar da ke jan layi tana ɗaukar ɗigo huɗu-huɗu ne, ta duba ta wane gefe zurfin da ake nema ya ratsa, ta ja miƙaƙƙen layi ta wuce gida na gaba. In ƙasa ta kwanta, ɗan bambancin mita ɗaya yana iya karkatar da layin da nisa sosai, ko ya haifar da zobe. A bakin kwazazzabon Norway kuwa gangara ce mai tsanani, zurfin yana kaiwa kimanin mita 700 a Skagerrak, mashigin ruwan da ke tsakanin Norway da Denmak, don haka kuskuren mita ɗaya ba ya motsa layin 500 ko kaɗan.

Sai maganar takarda, wadda ita ce babba. Gidan GEBCO ɗaya daƙiƙa 15 ne na kusurwa, wato kimanin mita 463 daga kudu zuwa arewa. Yankin da kika yanko yana da gidaje 3840 a faɗi da 2640 a tsaye, sama da miliyan 10. Faɗinsa a ƙasa kusan kilomita 1000 ne, za ki matse shi cikin santimita 20, wato sikelin 1:5,000,000. Milimita ɗaya a takardarki kilomita 5 ce. Gida ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, layin da za ki ja ma ya fi shi kauri. Kin ga ashe bayanan sun yi wa takardar yawa ne. Da kika ninka da `zoom` sai kika mayar da miliyan 10 suka zama miliyan 160, alhali ragewa ake bukata.

Nafi'u: Malam ya yi bayani mai kyau, amma ni ina ganin akwai hanyar da ta fi wannan gajarta. Ki bar ragar yadda take, ki ciro layukan da `find_contours` na scikit-image ko ContourPy, wanda shi ne matplotlib ma ke amfani da shi tun daga siga ta 3.6. Ki zubar da duk zoben da bai kai wani girma ba, ki rage ɗigogin da `simplify` na shapely, sannan ki bi su da dabarar Chaikin sau biyu ko uku. Dabarar ta 1974 ce, layi goma na kod ya ishe ta: kowane guntun layi a sa masa ɗigo a rubu'insa da kuma kashi uku cikin huɗunsa, a jefar da kwanar. Layi yana fitowa sumul. Abin da nake so da ita shi ne ba ki taɓa ainihin zurfin ba, zane kawai kika gyara.

Malam Bashir: Nafi'u, a nan ne ban yarda da kai ba. Ka ce ba a taɓa zurfin ba, amma layin shi ne abin da mai karatu zai gani, kuma ka matsar da shi. Bambancin kawai shi ne ka matsar da kowane layi shi kaɗai, bai san inda maƙwabcinsa yake ba. `simplify` ɗin nan dabarar Douglas da Peucker ce ta 1973, tana duba layi guda ne da kansa. Ka je gaɓar Norway inda layin 100 da na 200 suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ka rage su daban-daban, ka yanke musu kwana, za ka tarar sun taɓa juna ko sun gitta. Layukan zurfi biyu su gitta yana nufin wuri ɗaya yana da zurfi biyu. In kuwa ragar aka lailaye, duk layukan daga shimfiɗa ɗaya suke fitowa, ba yadda za a yi su haye juna.

Nafi'u: Ai `simplify` yana da `preserve_topology`.

Malam Bashir: Yana da shi, amma siffar da ka miƙa masa yake karewa. In ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ba ya ganin sauran. Kuma ko ka wuce wannan matakin lafiya, Chaikin ɗin da ke biye ba shi da wata kariya.

Nafi'u: Na karɓi maganar gittawa a wurin gangara. Amma kada a nuna kamar tace raga ba ta da nata illar. Matacin Gauss yana rage tsayin tudu, yana cike rami. Saman Dogger da bai kai mita 20 ba, in aka buɗe matacin da yawa, zobensa zai tsuke ko ya ɓace gaba ɗaya, kuma ba wanda zai lura domin taswirar ta yi kyau. Ni aƙalla ina ganin jerin zobban da na zubar da idona.

Zainab: Wannan gaskiya ce ɗan'uwa, kuma ita ce ta sa faɗin matacin bai kamata a yi ta gwada shi har sai ido ya gamsu ba. A lissafa shi daga sikeli. Ni da R nake aiki, marmap da terra, amma lissafin ɗaya ne. A ce Rukayya ba ta son ganin wata lanƙwasa da ba ta kai milimita ɗaya a takarda ba, wato kilomita 5. Sigma ita ce lambar da ke auna faɗin matacin, kuma faɗin tozon Gauss a rabin tsayinsa sigma sau 2.355 ne. A raba 5 da 2.355, sigma ya zama kimanin kilomita 2.1.

Sai a mayar da shi gidaje, kuma a nan akwai tarko. Gidajen GEBCO murabba'i ne a digiri, ba a ƙasa ba. Tsayinsu mita 463 ko'ina, amma faɗinsu yana tsukewa yayin da ake nisa da ikwaita, daidai da kosain na latitud. A tsakiyar taswirarki, wajen latitud 56, faɗin gida kimanin mita 259 ne. A latitud 60 rabin tsayinsa ne cif. In kika ba `gaussian_filter` lamba ɗaya, ki ce sigma 5, to kin goge kudu-arewa kusan ninki biyu na yadda kika goge gabas-yamma, siffofin za su miƙe tsaye. Ki ba shi biyu: 4.6 na layukan tsaye, 8.2 na kwance. Tsakanin latitud 51 da 62 faɗin gidan yana canzawa, don haka 8.2 ɗin tsaka-tsaki ne. In ana son daidaito sosai sai a fara juya ragar zuwa tsarin mita kafin a tace.

Rukayya: Allah ya saka da alheri. Na mayar `float32`, na sa `sigma=(4.6, 8.2)`, tsakiyar tekun ya yi kyau matuƙa, zobban sun ragu sosai. Amma sabon abu ya ɓullo. A gaɓar Norway layin 50 da na 100 sun ja baya sun yi nisa da gaɓa, kamar an tura su cikin teku. A Holan kuma, da na gwada ƙara layin mita 5 sai na gan shi a cikin ƙasa, bayan gaɓa.

Malam Bashir: Abu biyu ne daban. Na Norway, duwatsun gaɓar ne suka zubo miki cikin ruwa. Matacin bai san tudu da teku ba, lambobi kawai yake gani. Gidan da ke da -120 kusa da tsaunin da ya kai +600, in aka haɗa matsakaicinsu, sai ruwan ya zama marar zurfi. Kada kuma ki ce za ki mayar da tudun NaN, wato gida marar lamba, ki tace, domin NaN ɗaya yana cinye duk maƙwabtansa, gaɓar za ta zama fili fetal. Abin da ake yi shi ne a tace sau biyu a raba:

```
ruwa = (tid != 0).astype("float32")
s = (4.6, 8.2)
sama = gaussian_filter(z * ruwa, s)
kasa = gaussian_filter(ruwa, s)
zs = sama / kasa
```

Na farko yana tara zurfin gidajen ruwa kaɗai, na biyu yana auna yawan ruwan da ya shiga lissafin, rabawar tana fitar da matsakaicin ruwa zalla. Can cikin tudu za ki samu sifili bisa sifili, zai yi gargaɗi, ba komai. Ki zana ƙasar a saman layukan da `zorder` mafi girma, ta rufe abin da ya tsallaka gaɓa.

Ki lura ban rubuta `z < 0` ba, kuma dalilin shi ne tambayarki ta biyu. Kimanin rubu'in ƙasar Holan yana ƙasa da matakin teku, wurin da ya fi ko'ina kwari ya haura mita 6 a ƙasa, madatsun ruwa ne ke tsare shi. Ga ragar, wannan lamba ce mai alamar ragi kamar kowace. Shi ya sa na yi amfani da `tid`. GEBCO tana fitar da raga ta biyu mai suna TID tare da ta zurfin, girmansu ɗaya, kowane gida yana faɗin daga ina lambarsa ta fito. Sifili a cikinta tudu ne, wato busasshiyar ƙasa.

Auwal: Ga masu manhajar zana taswira ta GMT ko PyGMT, duk wannan yana cikin umarni biyu. `grdfilter` da `-Fg13 -D4` zai tace da kilomita a kan duniya mai zagaye, maganar kosain ba ta taso ba, kuma yana tsallake NaN da kansa. Abin lura kawai, faɗin da ake ba `-Fg` sigma shida ne, shi ya sa 2.1 na Zainab ya zama kusan 13. Mutane kan sa 2 su ce matacin ba ya aiki. Sannan `grdcontour` yana da `-Q` na hana zana ƙananan zobba, da `-S` na ƙara ɗigogi a layin don ya lanƙwasa a hankali. Paul Wessel da Walter Smith sun fara GMT tun ƙarshen shekarun 1980, kuma masu nazarin teku ne, sun sha fama da irin wannan.

Injiniya Haruna: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Aikina awon ruwa ne don taswirar jiragen ruwa, kuma akwai abin da ya zame mini dole in faɗa. Duk hanyoyin da aka kawo, na Malam Bashir da na Nafi'u, suna matsar da layi ta kowane ɓangare. Wani wuri ya matsa wajen zurfi, wani wuri wajen gaɓa. A taswirar rahoto wannan ba laifi. A taswirar tuƙi haramun ne. Mu in za mu miƙe layi, ɓangare ɗaya kaɗai aka yarda mu tura shi, wajen zurfi. Wato mu nuna ruwa bai kai yadda yake ba, amma ba mu taɓa nuna ya fi yadda yake zurfi ba. Ƙaramin rami a tsakiyar tudu ana iya share shi. Ƙaramin tudu a tsakiyar zurfi ba a share shi, sai dai a ƙara masa girma ko a haɗe shi da na kusa. Matacin Gauss kuwa tudun yake fara ci, shi ne abin da Nafi'u ya faɗa game da Dogger.

Ina faɗar wannan ne domin taswira in ta fita hannun mai ita ba a san inda za ta sauka ba. GEBCO da kanta ta rubuta kada a yi tuƙi da ragarta. Kuma sifilinta matsakaicin matakin teku ne, alhali taswirar tuƙi daga matakin da ruwa ke sauka in ya janye iyakar janyewa take aunawa. A gaɓar da ruwa ke cika yana janyewa da mita da dama, wannan bambancin kaɗai ya isa ya kafe jirgi.

Zainab: Injiniya, akwai yadda za a kwaikwayi wannan ka'idar a raga? Ina tunanin a fara bi da `maximum_filter` sannan a lailaye.

Injiniya Haruna: Akwai, kuma tunaninki daidai ne Malama. Tunda zurfin yana da alamar ragi, mafi girman lamba shi ne mafi ƙarancin zurfi. Ki ba kowane gida lambar mafi tudu a cikin wani kewaye, sannan ki lailaye da matacin da bai wuce wannan kewayen ba. Ta haka duk lambar da ta shiga matsakaicin ba ta fi ta asali zurfi ba, don haka sakamakon ma ba zai fi ta ba. Sharaɗin shi ne kada matacin ya fi kewayen faɗi. Na scipy yana miƙa hannu har sigma huɗu kowane gefe in ba a rage masa `truncate` ba, a kiyaye wannan. Amma ga rahoton Rukayya ban ba da shawararsa ba, domin zai kumbura mata tudun Dogger ya tsuke kwazazzabon, ita kuma siffar tekun take son nunawa. Kuma ko an yi shi, ragar GEBCO ba ta zama ta tuƙi ba.

Usman: Ku ba ni dama in shigo da tawa, ta yi kama da wannan. Ni kudancin tekun Fasifik nake zanawa, layin mita 3000 da 4000. Abin mamaki, a wasu wurare layin yana tafiya lafiya lau, sai ya shiga wani miƙaƙƙen zirin da ya ratsa taswirar, ya rikice ya yi ta kwana-kwana, yana fita zirin ya sake kwantawa. Na ɗauka fayil ɗin ne ya lalace.

Dakta Hadiza: Fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau. Zirin nan hanyar jirgi ce. Inda layin ya rikice, nan ne aka auna ƙasan teku da na'urar amsa-kuwwa, kwana-kwanan da kake gani ainihin duwatsu da kwaruruka ne. Inda ya kwanta sumul, nan ne ba wanda ya taɓa aunawa.

Wannan shi ne abin da na fi so a fahimta a duk maganar nan. Ragar GEBCO tana da lamba a kowane gida na mita 463, amma ba kowace lamba ce awo ba. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin Seabed 2030 na auna ƙasan tekunan duniya a 2017, abin da aka auna da na'urorin zamani bai wuce kashi 6 cikin 100 na ƙasan teku ba. Zuwa 2023 ya kai kusan rubu'i. Sauran kintace ne, mafi yawansa daga tauraron ɗan'adam. Tsauni a ƙarƙashin ruwa yana da nauyi, yana jan ruwa ya taru a kansa, sai fuskar teku ta ɗan yi tozo. Tauraron yana auna wannan tozon, daga nan a lissafo siffar ƙasan. Walter Smith da David Sandwell ne suka fitar da taswirar duniya ta wannan hanyar a 1997, kuma aiki ne babba. Sai dai dabarar ba ta ganin abin da bai kai kilomita da dama a faɗi ba. Tsauni guda yana iya ɓuya mata. A Janairun 2005 jirgin yaƙin Amurka mai nutso, USS San Francisco, ya yi karo da wani tsaunin ƙarƙashin teku a kudu da Guam, wanda ba ya cikin taswirar da suke tuƙi da ita, mutum ɗaya ya rasu.

Saboda haka Usman, in ka lailaye taswirarka, abin da kake gogewa shi ne sashen da aka fi sani, don ya yi kama da sashen da ba a sani ba. Ban ce kada ka yi ba. A sikelin teku guda dole ne, in ba haka ba taswirar za ta nuna hanyoyin jirage maimakon ƙasan teku. Amma mai karatu in ya ga layi sumul yakan ɗauka an tabbatar da shi ne, kuma nauyin gyara wannan zaton yana kanka.

Nafi'u: To Dakta, in haka ne ai gara a bar layin yadda ya fito. Ko ba komai mai kallo zai ga bambanci.

Dakta Hadiza: Zai ga bambanci amma zai karanta shi a juye, kamar yadda Usman ya ɗauka fayil ne ya lalace. Akwai hanyar da ta fi. Ragar TID da Malam Bashir ya ambata ba tudu kaɗai take nunawa ba. Lamba 10 awon na'ura mai kai ɗaya ne, 11 na mai kai da yawa wadda ke share faɗin hanya, 40 kintacen tauraron ɗan'adam, 41 cike giɓi da kwamfuta ta yi. Ka lailaye ragar gaba ɗaya, sannan ka kira `contour` sau biyu: cikakken layi inda aka auna, tsinke-tsinke inda aka kintata. Masu taswirar ruwa sun daɗe suna zana layin da ba su tabbatar ba da tsinke-tsinke, ba sabon abu ba ne. In hakan ya cika taswirar da hayaniya, ka ɗora inuwa marar kauri a kan wuraren da aka auna, ko ka sa ƙaramar taswirar TID a kusurwa.

Rukayya: Dakta, ni kuwa layukana duka tsinke-tsinke suka fito tun farko, ban sa su ba.

Auwal: Ɗabi'ar matplotlib ce. In launi ɗaya ka ba shi, duk matakin da ke ƙasa da sifili tsinke-tsinke yake zana shi. Ki sa `linestyles="solid"`. Bayan abin da Dakta ta faɗa ma gyaran ya zama wajibi, kada masani ya ɗauka duk taswirarki kintace ce. Jerin matakan kuma daga ƙarami zuwa babba yake so, -500 a farko, -20 a ƙarshe. Wajen rubuta lamba a kan layi ki ba `clabel` wani `fmt` da zai cire alamar ragin.

Nafi'u: Har yanzu ina riƙe da cewa gyaran layi yana da gurbinsa. Wani lokaci ba ka da raga sam, layuka kawai aka ba ka waɗanda aka kwafo daga tsohuwar taswira. Ka mayar da su raga ka sake ciro su, za ka samu dandamali-dandamali a daidai kowane tsohon layi. Kuma ko bayan an tace ragar, zagaye ɗaya na Chaikin yana cire ƙananan kwanonin da ake gani in an buga babba.

Malam Bashir: A waɗannan biyun muna tare. Zagaye ɗaya bayan tacewa motsinsa bai wuce gida ɗaya ba, ba zai haɗa layuka ba sai a gangara mai tsananin gaske. Abin da na ƙi shi ne a ɗora masa duk aikin.

Malama Rukayya, saura ƙaramar taswirar Dogger, kuma ita lamarinta akasin babbar ne. In sikelinta ya kai kamar 1:500,000, gidan GEBCO ɗaya ya kusa milimita a takarda, ido zai ga kwanoninsa. A nan ne ninka raga ke da amfani. Amma kada ki kwafo sigma ɗin babbar, ki sake lissafin Zainab da milimita ɗaya daidai da mita 500. In za ki yi `zoom`, ki sani `order=3` da yake zuwa da shi yana iya zarce iyaka a bakin gangara, ya ƙirƙiro ɗan rami ko ɗan tudun da babu shi. `order=1` ba ya ƙirƙirar komai amma kwanonin suna nan. Ni nakan yi `order=1` sannan in bi da ɗan siririn mataci.

Zainab: Ko kuma ta bar GEBCO a wannan ƙaramar. Tekunan Turai suna da ragar EMODnet, gidanta kashi ɗaya cikin 16 na minti, kimanin mita 115, ninki huɗu a ƙanƙanta. Gara bayanan gaske a kan ninkawa.

Rukayya: Na gama babbar. Na bi hanyar raba biyun da TID, na rufe da ƙasa a sama, na zubar da zobban da faɗinsu bai kai milimita ɗaya a takarda ba. Saboda maganar Yaya Nafi'u, na zana layukan asali da ja siriri a ƙarƙashin sababbin na duba su wuri-wuri. Na 100, 200 da 500 suna kan juna kusan ko'ina. Na 50 yana bi ta tsakiyar haƙoran. Na 20 a saman Dogger ne ya tsuke a fili, ido yana gani. Na rage sigma da rabi, zoben ya dawo kusa da girmansa, amma kudancin tekun ya sake cika da ƙananan zobba.

Injiniya Haruna: Waɗannan na kudun da yawansu ba datti ba ne, tudun yashi ne dogaye da igiyar ruwa ta jera, ƙanana ne dai ga wannan sikelin. Kada ki haɗa sigma biyu a taswira ɗaya, kin koma matsalar layukan da ba su fito daga shimfiɗa ɗaya ba. Ki zaɓi ɗaya. Tunda Dogger yana da tasa taswirar a gefe, ni zan bar babbar a kan lissafin farko, ƙaramar ta ɗauki nauyin nuna samansa.

Rukayya: Haka zan yi Injiniya. A ƙasan taswirar zan rubuta sigar GEBCO da shekararta, da cewa an tace da matacin Gauss mai sigma kilomita 2.1, an cire zobban da ba su kai kilomita 5 ba, zurfin daga matsakaicin matakin teku ne, kuma ba ta tuƙi ba ce. Yaya Zainab, EMODnet ɗin da na sauko ya zo gunduwa-gunduwa, Dogger yana bakin iyakar gunduwar. In haɗa su kafin in tace, ko in tace kowace sannan in haɗa?

Zainab: Ki haɗa tukuna. Matacin in ya kai bakin raga ba shi da maƙwabta, sai ya maimaita abin da ke ciki ya cike, layukan gunduwa biyun ba za su haɗu daidai a mahaɗar ba. Kuma ki yanko yankin da ɗan rara, kamar sigma huɗu kowane gefe, ki tace, sannan ki datse rarar. Babbar taswirar ma ki duba gefunanta, musamman na arewa inda layin 200 yake fita.